Bletilla: Yadda Ake Shuka da Kula da Furen Okid Mai Jure Sanyi

Mafi yawan waɗanda suka san furen okid sun san shi ne a cikin tukunya a kan tebur, ko a kantin sayar da furanni, inda ake lallaɓa shi ana kare shi daga iska da sanyi, har aka ɗauka cewa duk danginsa ba sa rayuwa sai a hannun ƙwararru. Gaskiya ne cewa waɗanda suka fi cika kantuna, irin su Phalaenopsis, a jikin itatuwan kurmi suke maƙalewa a asalinsu, kuma saiwarsu takan ruɓe idan aka binne ta. Sai dai dangin okid sun haura nau'i 25,000, kuma a cikinsu akwai masu tsirowa a ƙasa, su yi ganye, su yi fure, sa'an nan su kwanta a ƙarƙashin ƙasa har sanyi ya wuce. Wadda ta fi sauƙin sha'ani a cikin irin waɗannan, wadda kuma ta fi dacewa da mai fara koyo, ita ce Bletilla striata.

Asalinta ƙasar Sin ne da Japan da Koriya da Myanmar, inda take fitowa a gangaren tsaunuka, cikin ciyawa, da bakin daji inda inuwa ba ta yi duhu ba. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Peter Thunberg, wanda ya zauna a Japan tsakanin 1775 da 1776, shi ne ya bayyana ta ga masanan Turai a 1784, daga baya kuma Bajamushe Heinrich Gustav Reichenbach ya sanya ta cikin rukunin da take amsa sunansa a yau. Mutanen Sin sun daɗe da saninta kafin nan. Suna kiranta bai ji, suna busar da saiwarta su daka domin tsayar da jini, suna kuma amfani da yauƙinta wajen manna siraran wayoyin tagulla a jikin kwanonin ado. Wannan bukata ce ta sa aka yi ta haƙar ta a daji har ta yi ƙaranci a wurare da dama, shi ya sa yanzu ake noma ta a gonaki a lardunan Guizhou da Yunnan da Sichuan, shi ya sa kuma bai kamata mai lambu ya sayi wadda ba a tabbatar masa cewa a wurin renon tsirrai aka tashe ta ba.

Tsayinta yakan kai santimita 30 zuwa 60. Ganyenta dogo ne mai tsini, da ninki-ninki a tsaye tun daga gindi har baki, kuma kowane toho yakan fitar da ganye uku zuwa biyar. Daga tsakiyarsu ne siririn kara yake miƙewa ɗauke da furanni uku zuwa wajen goma, masu buɗewa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, launinsu tsakanin ruwan hoda mai duhu da shunayya, kowanne da leɓe mai fararen layuka da suka taso. A ƙarƙashin ƙasa kuwa saiwar kamar ɗanyar citta take, gaɓa na manne da gaɓa, kowace shekara sabuwa tana fitowa daga gefen ta bara. A cikin waɗannan gaɓoɓi ne shukar take ajiye abinci da ruwa, kuma duk wata kulawa da za a yi mata, a ƙarshe gaɓoɓin nan ake yi wa.

Abin da ya kamata mai lambu ya riƙe tun daga farko shi ne cewa tsananin sanyi ba kasafai yake kashe Bletilla ba. Saiwar da ke kwance tana jure digiri 10 zuwa 15 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas idan an rufe ta da busasshen ganye, kuma a Amurka ana shuka ta a jihohin da sanyinsu ya kai haka ko ya wuce. Abubuwa biyu ne suka fi yi mata lahani: ruwan da ke kwanciya a gindinta a watannin da take hutu, da sanyin dare da kan dawo a ƙarshen Maris ko cikin Afirilu bayan toho ya riga ya fito. Wanda ya shawo kan waɗannan biyu ya gama da mafi yawan aikin.

Hutun sanyin ma wajibi ne a gare ta. Tana bukatar wata biyu zuwa uku a yanayin da bai wuce digiri 10 ba kafin ta yi fure yadda ya kamata, saboda haka gidanta na gaskiya shi ne ƙasashen da ke da lokacin sanyi sosai, kamar Ingila da Jamus da Faransa da Japan da mafi yawan Amurka, kuma watannin da za a ambata a nan na waɗannan ƙasashe ne. Wanda ke zaune a can, ko da ɗan fili ne kawai a bayan gida ko baranda a bene, zai iya shuka ta. Batun ƙasashe masu zafi yana da nasa hukuncin, kuma za a zo kansa a gaba.

Zaɓen iri

Hanya biyu ake sayar da ita. Akwai busasshiyar saiwa a cikin leda ko kwali, wadda ke cika kantuna daga Fabrairu zuwa Afirilu, akwai kuma shuka mai rai a tukunya. Ta leda ta fi araha, amma sau da yawa ta daɗe a ajiye har ta yamushe, kuma irin wannan takan ɓata shekara guda ko biyu tana farfaɗowa kafin a ga fure. Idan ita za a saya, a matsa ta da yatsa. Mai kyau tana da tauri da nauyi, kuma ana ganin ido ɗaya ko biyu, wato wurin da toho zai fito, fari ko ja-ja, a gefenta. Wadda ta yi laushi, ko ta yi sakayau, ko take warin ruɓa, a bar wa mai kanti kayansa. A ganina ƙarin kuɗin da ake biya wa ta tukunya bai ɓaci ba, domin saiwoyinta na shan ruwa suna raye, kuma idan an saye ta a lokacin fure mutum ya ga launin da ya biya da idonsa.

Ban da mai launin asali akwai 'Alba' mai farin fure, da 'Albostriata' mai farin layi a gefen ganye, da 'Kuchibeni' fara mai jan leɓe, da 'Soryu' wadda launinta ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Akwai kuma 'yar'uwarta Bletilla ochracea mai fure ruwan ɗorawa, wadda ba ta kai ta ƙarfin hali ba, don haka mai farawa ya fara da ta asali tukuna. Wanda zai yi odar iri daga wata ƙasa ya sani cewa duk dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin namun daji da tsirrai, kuma ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini da ta shaidar lafiyar shuka. Ba abin sakawa cikin jakar tafiya ba ne.

Wuri da ƙasa

Ana yawan cewa Bletilla shukar inuwa ce, kuma wannan magana ta jawo wa mutane da yawa tarin ganye babu fure. Abin da take so shi ne hasken safe na awa huɗu zuwa shida, sa'an nan inuwa mai sauƙi idan rana ta take. A wuraren da zafinsu ba ya tsanani, kamar Ingila, gara ma a ba ta rana fiye da haka, a gindin bangon da ke riƙe ɗumi kuma yake tare iska. A jihohin kudancin ƙasar Amurka da kudancin Japan, inda ranar Yuli ke ƙuna, inuwar yamma ta zama dole, in ba haka ba bakin ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Gindin itacen da ke zubar da ganye wuri ne mai kyau, muddin ba dab da kututturen ba ne inda saiwoyin itacen za su shanye ruwa, domin a watan Afirilu itacen bai rufe sama ba tukuna, hasken yana sauka, a Yuli kuma inuwarsa ta cika. A guji kwari da duk wani lungu mai gangare inda iska mai sanyi ke taruwa da dare.

Ƙasar da ta dace ita ce mai riƙe danshi amma ba ta riƙe ruwa, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gane ta. A haƙa rami mai zurfin santimita 30 a wurin da ake so, a cika shi da ruwa, a bar shi ya tsotse, a sake cikawa. Idan ruwa na biyu ya ɓace cikin 'yan awoyi, wurin ya yi. Idan aka wayi gari yana nan kwance, to laka ce, kuma saiwar da aka binne a ciki ba za ta ga ƙarshen sanyi ba. Maganin laka shi ne a ɗaga wurin shukar sama, a yi fangali mai tudu na santimita 15 zuwa 20 bisa sauran fili, a cika shi da haɗin da ya ƙunshi kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye ko takin gargajiya da ya huce sarai, da kashi ɗaya na ƙananan tsakuwa ko yashi mai kaushi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haƙa rami a cikin laka a zuba tsakuwa a gindinsa da sunan magudana. Ruwan da ke kewaye duk cikin ramin zai gangaro ya tsaya, kuma an jawo wa shukar abin da ake gudu. Haka kuma rairayi mai laushi ba ya gyara laka, ƙara mata tauri yake yi.

Ɗanyen kashin shanu ko na kaji ba ya cikin lissafi, domin yana ƙona saiwa. Game da tsami kuwa, Bletilla ba ta da tsirfa: ƙasa mai ɗan tsami kaɗan ko matsakaiciya duk tana karɓa.

Dasawa da kulawar watannin girma

Lokacin dasawa shi ne Maris zuwa Afirilu, da zarar ƙasa ta saki. A kwantar da saiwar a kwance, ido yana kallon sama, a rufe ta da ƙasa mai kaurin santimita 5. A wuri mai tsananin sanyi ana iya kaiwa santimita 8 ko 10, amma abin da ya wuce haka yana jinkirta toho, yana kuma rage fure. A bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin ɗaya da ɗaya, kuma gara a dasa biyar ko bakwai wuri guda da a warwatsa su, domin kyanta a taro yake fitowa. Ta tukunya kuwa a zare ta da ƙasarta gaba ɗaya, a dasa daidai zurfin da take a da, ba tare da an kakkaɓe saiwoyin ba, saboda suna da gautsi kuma wanda ya karye ba ya gyaruwa. Bayan an dasa a ba da ruwa sau ɗaya don ƙasa ta zauna, sa'an nan a dakata har sai an ga toho. Saiwar da ba ta fara aiki ba ba ta shan ruwa, jiƙa kawai take yi. A kafa ɗan tsinke ko alama a wurin, domin wata biyar a shekara babu abin da ke nuna akwai shuka a nan, kuma cebur ya sha raba gaɓoɓi biyu a lokacin gyaran lambu.

Toho yakan fito ne kamar tsinin mashi, a naɗe, launinsa kore mai ja-ja, kuma wannan shi ne lokacin da ya fi kowane hatsari a shekarar shukar. Ƙunshin furen yana cikin tohon tun yana ɗan santimita 5, a ɓoye tsakanin ganyen da bai warware ba. Idan aka yi kwana goma na ɗumi a watan Maris ya ruɗi shukar ta fito, sa'an nan dare ɗaya sama ta washe, iska ta tsaya, raɓa ta daskare, da safe za a tarar da kan tohon ya yi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, bayan kwana biyu ya yi baƙi. Shukar ba za ta mutu ba, ganye zai ci gaba da fitowa da ƙonannen baki, amma furen wannan shekara ya tafi. Rigakafin ba shi da wuya. Daga ranar da aka ga toho a riƙa duba hasashen yanayi kowace yamma, kuma duk daren da aka ce sanyi zai sauka zuwa digiri 2 ko ƙasa da haka, a kifa bokiti ko kwali ko babbar tukunya a kai, ko a yafa tsohon zane bisa 'yan sanduna yadda ba zai taɓa tohon ba, a ɗauke da hantsi. Leda ba ta da amfani a nan, domin duk inda ta taɓa ganye sanyin yana ratsawa. Wata dabara kuma ita ce kada a yi gaggawar kwashe ganyen da aka rufe gindin da shi, saboda yana hana ƙasa ɗumama da wuri, toho ya makara da mako ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa wannan jinkirin ne ke tsallakar da shi.

Da zarar ganye ya buɗe, hukuncin ruwa ya juya. Daga Afirilu zuwa Agusta Bletilla tana son danshi ba yankewa, kuma idan sama ta ɗauke, a ba ta ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a mako, a gindi, da safe. A tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu: idan da sanyin danshi a ƙyale, idan a bushe take a ba da ruwa. Mutane da yawa suna janye hannu da zarar fure ya kaɗe a ƙarshen Yuni, alhali a watannin Yuli da Agusta ne shukar take gina sabuwar gaɓa da idon da zai yi furen baɗi. Ƙishirwar da ta sha a wannan lokaci ba za a ga sakamakonta ba sai bayan wata goma.

Taki kaɗan ya ishe ta. A ƙasa mai kyau, shimfiɗar ruɓaɓɓen ganye mai kaurin yatsa biyu sau ɗaya a shekara ta wadatar. Wanda ke son ƙari ya yi amfani da takin ruwa mai daidaitaccen haɗi, ya tsarma shi zuwa rubu'i ko rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, ya ba da sau ɗaya cikin mako biyu ko uku, ya tsaya a ƙarshen Agusta. Takin zamani mai yawan sinadarin naitirojin yana ba da ganye kore shar mai laushi, wanda ƙwari ke so, fure kuma ya yi ƙaranci. Idan furanni sun gama, a yanke karan daga gindi, sai fa in ana son iri, amma kada a taɓa ganye.

Kaka da sanyi

A watan Oktoba ganyen zai fara rawaya, ya kwanta, ya yi muni. A haƙura da shi. Muddin da sauran kore a jikinsa abinci yake turawa ƙasa, kuma sai ya bushe sarai, har yana cirewa da ɗan ja kaɗan, sa'an nan a kwashe. Daga lokacin da rawaya ta fara a rage ruwa, idan ganye ya ƙare a daina gaba ɗaya. Bayan sanyin farko ya taɓa ƙasa, a rufe wurin da busasshen ganye ko ɓawon itace ko tattaka mai kaurin santimita 5 zuwa 10. A zaɓi abin da iska ke ratsawa. Ganyen da ke jiƙewa ya manne ya zama tabarma guda yana tara ruwa a kan saiwar, kuma illarsa ta fi amfaninsa.

A ƙasashen da sanyinsu ruwa ne ba dusar ƙanƙara ba, kamar yammacin Ingila da Ayalan, wannan batu ya fi tsanani. Dusar ƙanƙara a bushe take, tana ma kare ƙasa daga iska, amma ruwan da ke zuba mako bayan mako a kan ƙasa mai sanyi shi ne ke ruɓar da gaɓoɓi. Masu lambu a irin waɗannan wurare sukan ɗora gilashi ko faifan roba a kan bulo huɗu bisa wurin shukar daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gefe a buɗe, yadda ruwan sama zai zame iska kuma ta wuce. Ba shi da kyan gani, amma yana aiki.

Ta tukunya tana da nata sharaɗi. Tukunyar ta kasance mai faɗi fiye da zurfi, tunda saiwar gefe take tafiya, mai manyan huji a gindi, kuma a ƙara yawan tsakuwa a haɗin ƙasar. Saiwar da ke cikin tukunya ba ta da kariyar da ta cikin fili take da ita, sanyi yana shigar ta ta kowane ɓangare, don haka idan ganye ya bushe a ɗauke tukunyar zuwa gareji ko rumfa marar ɗumi, inda yanayi ke tsakanin sifili da digiri 7. Ba ta bukatar haske a wannan lokaci. A ɗan yayyafa ruwa sau ɗaya a wata don kada ƙasar ta zama gari. Shigar da ita ɗaki mai na'urar ɗumama gida tausayi ne da ke cutar da ita, domin za ta farka a Janairu ta fitar da dogon toho fari marar ƙarfi.

Rabawa da yawaitawa

Bletilla ta fi yin fure idan ta ɗan cushe, don haka ba a yawan tayar da ita. Bayan shekara huɗu ko biyar, idan aka ga tsakiyar taron ya zama fili, toho yana fitowa a gefe kawai, gaɓoɓi kuma sun fara hawa kan juna suna leƙowa waje, lokacin rabawa ya yi. An fi yin sa a farkon Maris kafin ido ya motsa, ko da yake wasu suna yi a kaka bayan ganye ya bushe. A soka cebur mai yatsu nesa da gindin da kamar tafin hannu biyu, a ɗaga taron gaba ɗaya, a wanke ƙasar da ruwa a hankali har tsarin ya bayyana. Za a ga jeri: sabbin gaɓoɓi farare masu ƙiba a gefe, kowace da idonta, na bara da na bara waccan a bayansu sun ɗan yi duhu amma da tauri, na can tsakiya kuma sun yamushe ko sun zama fanko. A ƙona bakin wuƙa a wuta, a bari ta huce, a yanka ta wurin siririn wuyan da ya haɗa gaɓa da gaɓa, kowane kaso ya tashi da gaɓoɓi uku ko fiye da ido aƙalla ɗaya. Kwaɗayin yawan kaso yana sa a yanka ɗaya-ɗaya, kuma irin wannan sai ya shekara biyu ko uku bai yi fure ba. A barbaɗa garin gawayi ko farar wuta ko garin kirfa a bakin yankan, a bar shi ya sha iska na yini guda a inuwa, sa'an nan a dasa. Tsofaffin gaɓoɓin da ba su da ido amma suna da tauri kada a zubar da su. Idan aka binne su a tukunya daban, da yawansu sukan farka su fitar da toho. Wuƙar kuwa a sake ƙona ta kafin a koma kan wani taron, domin ta bakinta ne cutar bairos ke yaɗuwa, kuma shukar da ganyenta ya yi dabbare-dabbare ya murɗe ba ta da magani sai a tumɓuke a ƙona.

Sauran abokan gaba ba su da yawa. Dodon koɗi, mai ƙoƙo da marar ƙoƙo, shi ne kan gaba, yana cin toho da dare tun bai buɗe ba, kuma zagaye da tocila bayan magariba ana tsince su ya fi yawancin magunguna aiki. Darɓa takan taru a kan karan fure, ruwan sabulu marar ƙarfi ya ishe ta. Baƙaƙen ɗigo a ganye yawanci alamar cunkoso ce da jiƙa ganye da yamma.

Irin okid ƙura ne, ba shi da abincin da zai tashi da shi, shi ya sa yawancinsu ba sa tsirowa sai da taimakon wani naman gwari na cikin ƙasa, ko a ɗakin gwaji cikin kwalba. Bletilla tana cikin 'yan kaɗan da suka saɓa wa wannan. Idan aka bar kwanso ɗaya ko biyu suka nuna a kaka, aka barbaɗa ƙurar a kan jiƙaƙƙen gansakuka a cikin roba mai murfi, aka ajiye a wuri mai haske da ɗumi ba rana kai tsaye ba, bayan 'yan makonni za a ga ƙananan ɗigo kore sun bayyana. Daga nan zuwa fure shekara uku ne ko huɗu, aiki ne na mai sha'awa, ba na mai son cika lambu da wuri ba.

A ƙasashe masu zafi

A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ko da daren hunturu ya yi sanyi, rana tana fitowa zafi ya dawo, kuma wannan bai kai hutun da Bletilla take bukata ba, ga zafin bazara da ya fi ƙarfin ganyenta. Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, da tsaunin Mambila da ya fi ta tsayi, sun fi kusa da abin da take so a lokacin girma, amma ko a can sai an taimaka mata da hutun. Hanyar ita ce a shuka ta a tukunya, idan ganye ya bushe a tono saiwar, a sa ta a leda mai huji tare da ɗan garin katako mai danshi kaɗan, a ajiye a ɓangaren kayan lambu na firji wata biyu zuwa uku, nesa da tuffa da ayaba saboda iskar da suke fitarwa tana lalata ido, sa'an nan a sake dasawa. Wannan yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, kuma ko an yi komai daidai furen ba ya kai na ƙasashen sanyi.

Shawarar da ta fi ita ce a nemi okid na ƙasa wanda zafi ne gidansa. Spathoglottis plicata, daga kudu maso gabashin Asiya, tana da ganye mai ninki da fure shunayya kusan irin na Bletilla, ba ta bukatar sanyi ko kaɗan, tana kuma fure mafi yawan shekara idan ta sami danshi da hasken safe, sai dai a kare ta daga busasshiyar iskar hunturu. Afirka ta Yamma ma tana da nata, dangin Eulophia, irin su Eulophia guineensis da Eulophia cristata, waɗanda hutunsu na rani ne: suna zubar da ganye idan ruwa ya ɗauke, su farka idan damina ta gabato. Ƙa'idar ƙasa mai tsotse ruwa da janye ban ruwa a lokacin hutu ta hau kansu daidai yadda ta hau kan Bletilla, kuma su ma a wurin masu renon furanni ake neman su, domin wanda aka haƙo daga daji ba kasafai yake kamawa a lambu ba.